Sunan Mahaifi Na 'Ya'ya Ne Duka, Amma Wa Zai Kafa Shi a Allon Kasuwa?

Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna, ko ya ratsa Mararraba zuwa Keffi, ya ɗaga kai ya karanta allunan gidajen mai da na shagunan kayan gini da rubutun da ke jikin tireloli, zai lura cewa kasuwanci da yawa na mutanen Arewa da sunan mutum ake kiransu. Wani sunan mai dukiyar ne, wani na mahaifinsa, wani kuma na garin da aka yanke masa cibiya. Al'adar tana da tushe mai kyau, domin ɗan kasuwa yana jingina mutuncinsa ne ga hajarsa, mai saye kuma ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan aka cuce shi. Alhassan Dantata ya rasu tun 1955, amma har yau sunan yana jikin kamfanoni, yana kuma da nauyi a wajen banki da wajen masu ba da kwangila. Rigima tana tasowa ne ranar da mutum biyu, ko goma, kowanne riƙe da takardar haihuwarsa, suka ce sunan nasu ne, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a matsayin shaidar mallakar suna. Mutum ya biya kuɗi, an bincika an ce sunan babu mai shi, an ba shi takarda mai hatimi, ya sa ta a gilashi ya rataye a ofis, sai ya ɗauka magana ta ƙare. Abin da takardar ta ba shi kuwa bai wuce izinin gudanar da kasuwanci ƙarƙashin wannan suna ba. Gaskiya ne cewa sashe na 852 na dokar kamfanoni ta 2020 ya hana hukumar yi wa wani rajista da sunan da ya yi daidai da na wani, ko ya yi kama da shi har ya iya ruɗar jama'a, ko ya ci karo da tambarin kasuwanci mai rajista ba tare da amincewar mai shi ba. Sai dai idan hukumar ta yi kuskure ta ba da sunan, takardar ba za ta kare mai ita a gaban alƙali ba. Akwai ma wata kafa da mutane ƙalilan suka sani: dokar ba ta tilasta wa wanda ke kasuwanci da sunansa na gaskiya zalla, ba tare da ƙarin wata kalma ba, ya yi rajistar sunan kasuwanci. Ke nan ana iya samun ɗan kasuwan da ya shekara 30 yana ciniki da sunansa, jama'a sun san shi, doka ta san da haƙƙinsa, amma binciken kwamfutar CAC ba zai nuna shi ba.

Mallakar suna a kan haja tana wani ofishi dabam, wato sashen rajistar tamburan kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. A can ake yi wa tambari rajista rukuni-rukuni, gwargwadon irin kayan da za a sayar, a buga shi a mujallar ofishin, a ba masu ƙorafi wata 2, sannan a ba da takardar da ke aiki shekara 7, a riƙa sabunta ta duk shekara 14. A nan ne mai sunan gida yake fara cin karo da bango. Sashe na 9 na dokar tamburan kasuwanci ta 1965 ya ce kalmar da za a karɓa kai tsaye kada ta kasance, a ma'anarta ta yau da kullum, sunan wuri ko sunan zuri'a. Ana iya karɓar sunan mutum idan an zana shi ta wata siga ta musamman, ko ya zo a matsayin sa hannun mai nema, ko kuma an kawo hujjar cewa jama'a sun riga sun san kalmar da hajar mutum ɗaya tak. Hikimar a fili take: bai dace mutum ɗaya ya kulle sunan da dubban mutane suke amsawa ba.

Turawan da suka tsara wannan ƙa'ida suna tunanin irin sunayensu ne, inda zuri'a ke gadon kalma ɗaya ɗaruruwan shekaru. Bahaushe ba haka yake sa suna ba. Abin da ake rubutawa a gurbin sunan zuri'a a fom ɗin gwamnati galibi sunan yanka ne na mahaifi, kamar Abdullahi ko Usman ko Sani, wanda ake samu a kowace unguwa. Idan ba shi ba, to sunan gari ne, irin su Shagari da Tambuwal da Gusau da Funtuwa da Rano, ko laƙabin sana'a, ko sarautar da kaka ya riƙe. Mai amsa sunan garinsu ya faɗa cikin hani biyu a lokaci guda, domin kalmar sunan wuri ce kuma sunan zuri'a ce. Mai amsa sunan mahaifi kuma yana tarayya a cikinsa da 'yan'uwansa na ɗaki huɗu, da kuma baƙin da bai taɓa gani ba. Wannan ya sa sunan gida, duk da ƙimarsa a idon mai shi, yana cikin mafi raunin abin da za a gina kasuwanci a kai idan aka zo maganar kariya.

Wanda bai samu rajistar tambari ba bai rasa mafita gaba ɗaya ba. Sashe na 3 na dokar ya hana shi ƙarar keta tambari, amma ya bar masa ƙofar ƙarar sojan gona, wato ya nuna wa kotu cewa wani yana sayar da hajarsa ta yadda masu saye za su ɗauka tasa ce. Kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci ta taƙaita sharuɗɗan a 1990, a shari'ar kamfanin Reckitt da Colman a kan wata robar ruwan lemon tsami: mai ƙara ya tabbatar yana da farin jinin da jama'a suka danganta da sunan ko sigar kayansa, ya nuna cewa abin da abokin hamayya ya yi yana ɓatar da masu saye, sannan ya nuna hasarar da ta same shi ko take shirin samunsa. Ba a buƙatar a tabbatar da mugun nufi. Mutum yana iya yin sojan gona da zuciya ɗaya, kotu kuma ta dakatar da shi.

Kotunan Najeriya sun daɗe a kan wannan turba. A 1961 wani kamfanin magunguna mai suna Niger Chemists, wanda ke da rassa a Onitsha da wasu garuruwan Gabas, ya kai ƙarar wasu da suka buɗe irin kasuwancinsa a titi ɗaya da wani reshensa, suka kira shi Nigeria Chemists. Kotu ta hana su amfani da sunan, domin bambancin haruffa biyu ba zai hana mai neman magani shiga shagon da bai yi niyya ba. Amma ba kullum mai tsohon suna ke nasara ba. A 2004 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar kamfanin Ferodo, mai ƙera kayan birki, a kan kamfanin Ibeto, ta ce launukan kwalin da ake jayayya a kansu ba mallakar kowa ba ne, abin da ya bambanta hajar shi ne kalmar Ferodo, ita kuwa ba a taɓa ta ba. Abin lura a gefe shi ne kalmar da ta tsira ɗin ƙirƙirarriya ce, an juya haruffan sunan wanda ya kafa kamfanin ne, Herbert Frood, aka samar da ita.

To ina matsayin wanda bai ari sunan kowa ba, nasa ne na yanka ko na mahaifinsa? Sashe na 8 na dokar 1965 ya ce rajistar tambari ba za ta hana mutum amfani da sunansa, ko sunan wurin kasuwancinsa, ko na wanda ya gada a kasuwancin ba, matuƙar da kyakkyawar niyya yake yi. Lauyoyi kan karanta wa abokan hulɗarsu wannan sashe, su kuma su fita da murna. Tarihin shari'o'in Ingila, waɗanda alƙalan Najeriya ke yawan dubawa a wannan fanni, ya nuna cewa kariyar ta yi ta ƙanƙancewa. A 1853 wani mai suna Burgess ya kai ƙarar ɗansa na cikinsa, wanda ya bar shagon uban a Landan ya buɗe nasa, yana sayar da irin miyar kifin da aka san gidan da ita, da sunan gidan. Kotu ta ƙi hana ɗan sa sunansa a kan hajarsa. Bayan shekara 109, a shari'ar Parker-Knoll ta 1962, alƙalai suka hana wani kamfanin kujeru na Amurka sa kalmar Knoll a kan kayansa a Birtaniya ba tare da bambantawa ba, alhali sunan wanda ya kafa shi ne. William Asprey kuma, ɗan gidan da ya kafa shahararren shagon kayan alatu na Asprey, ya buɗe shagonsa da cikakken sunansa bayan an sayar da kamfanin gidan ga wasu. A 2001 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce abin da ya yi sojan gona ne, ya koma ciniki da sunan William & Son. Kakanninsa ne suka gina sunan, amma farin jinin da ke jikinsa ya bi kamfanin zuwa hannun wanda ya saya.

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi wuyar haɗiya ga iyalai, kuma shi ne ya fi kusa da gidajen Arewa. A ɗauka wani attajiri ya shekara 40 yana sayar da shinkafa da sunansa, ya rasu ya bar 'ya'ya 23. An kira malamai, an ƙiyasta gidaje da filaye da motoci da kuɗin banki, an raba wa kowa rabonsa. Babu wanda ya kawo maganar sunan, domin a ganin kowa suna ba dukiya ba ne. Babban ɗa ya ci gaba da riƙe masana'antar. Bayan shekara 3 wani ƙane daga wani ɗaki ya sayi injinsa, ya buga buhuna da sunan mahaifinsu, ya canza launi kaɗan. Shinkafarsa tana da tsakuwa. 'Yan kasuwar Dawanau ba su san an raba gari ba, abin da suka sani shi ne shinkafar gidan wane ta lalace. Idan babban ya je kotu, dangi za su ce ya kai ɗan'uwansa ƙara a kan sunan ubansu, abin kunya. Idan ya yi shiru, aikin shekara 40 zai zube, kuma jinkirin da ya yi yana iya zama hujja a kansa ranar da ya gaji ya shigar da ƙarar.

Zaton cewa suna ba dukiya ba ne bai da madogara a dokar ƙasa, haka nan malaman zamani ba su tafi a kansa ba. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambarin kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar kuɗi, kuma bai halatta a keta su ba. Abin da ke da ƙimar kuɗi kuwa yana shiga cikin abin da mamaci ya bari. Saboda haka ya kamata masu rabon gado, da alƙalan kotunan shari'a da ke sa ido a kai, su riƙa tambaya tun a zaman farko: sunan nan na kamfani ne mai rajista, wanda magada za su gaji hannun jarinsa kawai, ko kuwa na mamacin ne shi kaɗai? Idan na kamfani ne, to babu magajin da ke da ikon fita da shi ya kafa wani. Idan na mamacin ne, sai a yi masa ƙima, a rubuta wanda zai riƙe shi da abin da zai biya sauran, da irin kasuwancin da sauran za su iya sa sunan a kai. Gida ana iya raba shi ɗaki-ɗaki, amma idan aka raba tambari gida 23 babu wanda zai tashi da komai.

Indiya, inda manyan kamfanoni da yawa ke ɗauke da sunayen iyalai, ta sha wannan darasi. A 2001 Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da hana wani kamfanin takarda amfani da sunan Mahendra & Mahendra, saboda kusancinsa da Mahindra & Mahindra, duk da cewa sana'o'insu ba ɗaya ba ne. A farkon 2025 kuma 'yan'uwa biyu na gidan Lodha, masu harkar gidaje da filaye a Mumbai, suka gurfana a kotu a kan wanda ke da ikon amfani da sunan, shekaru bayan sun raba kasuwanci, kafin a sasanta su ta hanyar shiga tsakani.

Ma'aikatan tarayya da hadiman masu riƙe da muƙamai suna da nasu rabon a wannan magana. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci shiga cikin gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Sanannen abu ne cewa da yawa kan kauce wa wannan hani ta hanyar buɗe kamfani da sunan gida, a sa ƙane ko mata ko ɗan da bai gama jami'a ba a matsayin darakta. Baya ga haɗarin gurfana a gaban Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, akwai wani haɗarin da ba a cika hangowa ba. Ranar da ma'aikacin ya cika shekara 35 a aiki ko 60 a duniya, ya dawo ya ce a ba shi kamfaninsa, a idon doka ƙanen ne ya yi ciniki da sunan, shi masu saye suka sani, shi ke da farin jinin. Idan aka ɓata, tsohon ma'aikacin yana iya tsintar kansa a matsayin wanda ake tuhuma da sojan gona a kan sunan mahaifinsa, a kasuwancin da kuɗinsa ne suka kafa. Ba kuma zai iya buɗe baki ya ce tun farko shi ne mai gudanarwa ba tare da ya tona wa kansa asiri ba.

Akwai kuma wani nau'in da ya fi muni, wanda ofisoshin kwangila suka sani sarai. Kamfani ya bayyana da suna irin na minista ko babban sakatare ko shugaban wata hukuma, wani lokaci na wani dangi ne na nesa, wani lokaci ma sunan ne kawai ya zo ɗaya. Ba a faɗa wa kowa cewa na mai gida ne ba, an dai bar sunan ya yi aikinsa, ƙaramin jami'i kuma ya ɗauki fayil ɗin ya ɗora a sama. Dokar kamfanoni ta buƙaci izinin CAC kafin a sa kalmomi irin su tarayya ko gwamnati a cikin suna, domin kada a ari rigar hukuma, amma sunan mai riƙe da hukumar yana iya yin wannan aikin fiye da kalmar. Dokar 2020 ta wajabta bayyana masu iko na haƙiƙa a kamfani, tun daga mai kashi 5 cikin 100. Jami'in da ya ga suna mai nauyi a kan takardar neman kwangila ya kamata ya duba wannan rajista kafin ya sunkuyar da kai, hadimin da ya san ana cin kasuwa da sunan mai gidansa kuma ya sanar da shi a rubuce.

Gwamnati ma tana da nata laifin. Dokar tamburan kasuwanci da ake aiki da ita kwafi ce ta dokar Birtaniya ta 1938, wadda su masu ita suka sauya tun 1994. Sai a 2023, ta hanyar dokar sauƙaƙa harkokin kasuwanci, aka fito fili aka shigar da tamburan ayyuka, irin na otal da makaranta da kamfanin sufuri, cikin ma'anar dokar. An kuma shafe shekaru ana ruɗani a kan kotun da za ta saurari ƙarar sojan gona. A 2003, a shari'ar Ayman da Akuma, Kotun Ƙoli ta ce Babbar Kotun Tarayya ba ta da hurumi idan tambarin ba shi da rajista. A 2007, a shari'ar Omnia da Dyktrade, ta ce tana da shi ko da rajista ko babu. Mai sunan gida, wanda sashe na 9 ya wahalar masa da rajista tun farko, shi ne wanda irin wannan ruɗani ya fi cutarwa, domin yana iya shafe shekaru yana shari'a sannan a ce masa ya shiga ƙofar da ba ita ba. Majalisar Dokoki ta Ƙasa na iya rufe wannan baki da sabuwar doka, wadda za ta fayyace iyakar kariyar mai amfani da sunansa, ta kuma yi la'akari da yadda al'ummomin ƙasar nan ke sa suna.

Ga wanda yake shirin kafa kasuwanci yanzu, hanya mafi arha ita ce ya raba sunansa da sunan hajarsa. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Dassler a Jamus, da suka ɓata a 1948, babu wanda ya tafi da sunan gidan: ɗaya ya haɗa laƙabinsa da farkon sunan ya samar da Adidas, ɗayan ya kafa Puma. A nan gida, Abdul Samad Rabiu, ɗan Khalifa Isyaku Rabiu, ya kafa kamfaninsa a 1988 da sunan BUA. Ƙirƙirarriyar kalma tana samun rajista cikin sauƙi, ana iya sayar da ita ko a ba da hayarta, kuma babu ɗan'uwan da zai zo da takardar haihuwa ya ce shi ma nasa ne. Wanda kuma sunan gida ya riga ya kafu a kasuwancinsa, ya zana shi ta siga ta musamman ya kai rajista da sunan kamfani, ya adana rasitai da tallace-tallacen da ke nuna shekarar da ya fara, sannan ya tara 'ya'yansa tun yana da rai a rubuta yarjejeniya a gaban lauya da shaidu.

Abin da ya fi sauƙin gyara yana hannun jami'an da ke zaune a Abuja. CAC da ofishin rajistar tambura duk suna ƙarƙashin ma'aikata ɗaya, amma kowanne da rumbun bayanansa, har ana iya ba wani sunan kamfani a wannan ofishi alhali wani yana riƙe da tambarin kalmar a wancan. Sashe na 852 ya ɗora wa CAC nauyin kauce wa irin wannan karo, kuma ba za ta iya sauke shi yadda ya kamata ba sai binciken suna ɗaya ya riƙa ratsa rumbunan biyu. Dokar 2020 ta kuma kafa kwamitin sauraron ƙorafe-ƙorafe a cikin hukumar, a sashe na 851, wanda ake ɗaukaka ƙarar hukuncinsa zuwa Babbar Kotun Tarayya. Ya kamata hukumar ta riƙa wallafa hukunce-hukuncen kwamitin a kan rigingimun suna, ta kuma fassara ƙa'idojin shigar da ƙorafi zuwa Hausa da sauran manyan harsuna, domin ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Kasuwar Wuse ya san inda zai dosa kafin ya sayar da shago ya biya lauya. Haɗa rumbunan biyu ba ya buƙatar gyaran kundin tsarin mulki, umarnin minista da kasafin kuɗi kaɗan sun isa a fara.